Ranar da Hamidu Turmi Ya Naushi Kansa a Injin Kailu

Duk wanda ya taɓa zama a fadar shayin Ibrah da ke bakin kasuwar Filinge ya san Kailu, ko da bai nemi saninsa ba. Kailu mai gyaran salula ne, ko kuma a ce mai buɗe salula, domin a buɗewar ya fi ƙwarewa. In ya zo rufewa sai a ga ƴan kusoshi sun yi saura a tafin hannunsa, ya ce wa mai waya Nasara ne suka zuba su don ado. Ya taɓa yin wata damina a Yamai yana riƙe wa wani mai gyara fitila, kuma tun da ya dawo bai ƙara amsa sunan Kailu ba sai an ce Injiniya.

Teburinsa yana cikin shagon yayarsa Ladi, wadda ke sayar da ƙanƙara da yawur da lemu-hari mai sanyi. Ita ta ba shi kusurwa kusa da firigo, da sharaɗi guda: ranar da ya jawo mata abin magana, ranar zai tattara ya koma gonar kawunsu a hanyar Bonkuku, inda gero ke jiran mai nome shi. Kailu kuwa ko hoton hauya ya gani sai bayansa ya fara ciwo.

Wata rana da hantsi ya sauka daga motar Yamai da buhu a kafaɗa. Bai ko biya gida ba, ya zarce fadar Ibrah, ya zazzage buhun a kan tabarma. Wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, ta faɗo, sai wata sanda gajera mai jan kai kamar tumatir, a kafe cikin ɗan akwati, sai wani akwatin dabam mai madannai kala-kala. Kowane da wayarsa tana jan ƙasa kamar wutsiya.

"Ibrah, aje butar nan ka dubi abin da za ya canza Filinge," in ji Kailu.

Ibrah ya ɗaga sandar ya jujjuya ta. "Wagga muciya ta?"

"Muciya! Kai dai shayi ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Wagga ita ka tafiyar da mutum cikin tele. Ka tura ta gaba shi yi gaba, ka jawo ta shi ja da baya. Waɗanga kau buton na, ka danna shi kai naushi, ka danna shi kai hauri."

Ya gyara zama ya ba su labari. A Yamai ya ga wani inji tsaye kamar mutum, da tele a ƙirjinsa, ƙato biyu suna dambe a ciki, samari sun yi layi har waje. Irin injinan nan na da ne, yanzu ba a ƙera su, amma akwai manhaja da ke sa tsohuwar ordinater ta kwaikwaye su sak. Ya samo manhajar, ya samo sanda wajen wani mai gwangwan a kasuwar Katako, ya samo madannai wajen wani can gaba.

"Abu kaɗan yar rage," ya ce. "In haɗa sanda da buton su zama abu guda. Kahin ka sauke shayi na biyu na gama."

Inji yana bukatar jiki, Kailu kuwa ya riga ya san inda jikin yake. Matarsa Basiratu ta tafi Bonkuku wajen ƙanwarta da ta haihu, ta bar armuwar ɗinta ta kayan aure, wato kabad ɗin kwanoni, doguwa mai ƙofa biyu da madubi. Ya kwashe kwanonin da ke ciki ya jibge su a kan gado, ya kira mai amalanke. Maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Injiniya, tashi za ku yi?"

"Ci gaba za mu yi," ya ce, bai ko waiwaya ba.

A rumfar gaban shagon Ladi ya juya armuwar, bayanta ya zama fuska, ƙofofin suna kallon bango. Ya yanka mata taga da zarto ya cusa tsohuwar tele, ya kafa katako a ƙasan tagar ya ɗaure sanda da madannai. Ladi ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"Kailu, wagga ba armuwar Basiratu ba ta?"

"Kama ta, Yaya. Kahinta guda yay yi su."

"Har da tsagewar madubin?"

"Haka yaka yin su duka."

Da aka kunna, sai ga ƙato biyu a tele, ɗaya da jan wando, ɗaya da kore, suna rangaji suna hararar juna. Ƴan fada suka bar shayi suka kewaye. Kailu ya naɗe hannun riga, ya tura sanda. Mai jan wando ya taka gaba. Jama'a suka ce, "Kai!" Ya danna madanni. Mai jan wando bai ɗaga ko yatsa ba. Can gefe mai kore, wanda ba a yi magana da shi ba, ya kai wa iska naushi.

Ya sake dannawa. Mai kore ya sake naushin iska. Ya tura sanda, mai ja ya yi ta tafiya har ya kai kansa gaban mai kore, hannuwa a sake kamar wanda ya je gaisuwa. Kailu ya daddanna da ƙarfi don ya farkar da shi, sai mai kore ya rufe mai ja da duka har ya kwanta.

Abin da ya faru shi ne, da ordinater ta ga waya biyu sun shigo mata, sai ta ɗauka mutum biyu ne suka zo wasa. Ta ba wa mai sanda ƙato guda, ta ba wa mai madannai ɗayan. Ɗaya yana da ƙafa ba hannu, ɗaya yana da hannu ba ƙafa.

"To wane na naka?" in ji Ibrah.

"Duka nawa na," Kailu ya ce yana share gumi. "Gwaji nika yi. Ba a sakin inji sai an ga kowane ɓangare shina da rai."

Washegari ya zo da dabara. Tun da ordinater tana ganin waya biyu, sai a sa ta ga guda. Ya samo robar tayar keke ya naɗe wayoyin tare tun daga tushe har baki, ya ɗaure tam.

"Na ɗaura musu aure," ya shaida wa ƴan fada.

Aka kunna. Mai ja ya tafi gaisuwa, mai kore ya kwantar da shi.

"Amarya ta ƙi tarewa," in ji Ibrah. Fada ta kwashe da dariya.

Dariyar nan ta ci wa Kailu rai. Ya ɗauko reza ya datse wayoyin biyu, ya fere su, ya murɗe ja da baƙi, fari da kore, duk wanda hannunsa ya kai gare shi. Da ya ga kamar wutar ba ta isa ba, sai ya ja wata waya daga soket ɗin firigon Ladi ya ƙara musu, wai don su ji ƙarfi. Ya ce kowa ya matsa. Wannan ce kaɗai shawararsa da aka bi da gudu.

Aka ji fat! Wani shuɗin haske ya gilma, hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya turnuƙe rumfa. Firigon Ladi ya yi tari ya yi shiru. Teloli biyu da ke jere da su suka leƙo, don kekunansu sun tsaya a tsakiyar ɗinki, mai aski kuma ya fito da wani mutum da aka aske masa rabin kai. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a layin gaba ɗaya.

Kafin a gyara, ƙanƙarar Ladi ta zama ruwa, yawur ya yi tsami ya kumbura a leda. Ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Kailu, ka tuna abin da munka yi da kai?"

"Yaya, wanga ba ni na ba. Kuran ɗin garin ga ba shi da ilimi."

"Hauyar Kawu tana nan rataye. Ko jiya ya aiko yana tambaya."

"Ki ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. In layin mutane bai kai wajen masu kwaɗon kopto ba, ni da kaina nika neman mota. Kuma duk wanda yat tsaya layi sai ya ji ƙishi, sai ya sha lemu-harinki. Don ke nika wahalar ga."

Ladi ta dube shi, ta dubi ludayi, ta ce ta ji, amma in ya ƙara kusantar soket ɗinta, da ludayin za su gaisa.

Allah ya taimake shi ordinater ba ta mutu ba. Ya ɗinke wayoyin yadda suke a da, ya zauna da salularsa yana kallon bidiyon wani Bature da ke bayanin yadda ake haɗa sanda da madannai. Ko kalma guda Kailu bai ji ba, don ba Faransanci ba ne, Faransancin ma nasa bai wuce na gaisuwa da sunayen kayan gyara ba. Amma yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka na. Nan ya yi daidai. Nan kau ya yi kuskure, amma ba komi." Ya dai lura Baturen ya sa wata ƙaramar manhaja da ke tattara na'ura biyu ta miƙa wa wasa a matsayin guda. Ya nemo ta, ya bi duk inda yatsan Baturen ya bi.

Abin mamaki, mai jan wando ya taka, kuma ya kai naushi da hannunsa. Sai dai in an tura sanda dama ya yi hagu, in an ce ya yi tsalle sai ya tsuguna. Kailu bai ɓata lokaci da manhaja ba. Ya kwance akwatin sandar ya juya shi gaba ya koma baya, ya buga ƙusa. Komai ya daidaita.

Ranar nan ba a sha shayi lafiya ba. Kailu ya hau benci.

"Na ce muku! Baturen ma da ya ga nawa da ya nemi in koya mishi. Yanzu mi yar rage? In sa sanda ta biyu da buton na biyu, mutum biyu su kara."

"Guda ma da ƙyar tat tare," in ji Ibrah.

"Wanda yag gina ɗaki guda, na biyu wasa na."

Ya aika Yamai direba ya zo masa da wata sandar da wasu madannan. Ya kafa su gefen na farko, ya bi matakan nan, ya gwada da hannu biyu, suka yi. Daga nan kansa ya gama fashewa. Ya ce buɗe irin wannan inji ba da yara ake yi ba, sai da manya.

A ƙasar Kurfai akwai tsofaffin ƴan kokawa biyu da ba sa shan inuwa guda. Hamidu Turmi na Filinge, gajere mai faɗin ƙirji, mai saurin fushi, yanzu mahauci ne. Sule Dogo na Sanam, mai sanyin jiki da jan magana, yanzu dillalin awaki. A zamaninsu sun yi wani karo da aka tashi ba a san wanda ya fara taɓa ƙasa ba, kuma tun daga ranar kowane ke cewa shi ya yi kaye. Gwiwoyi sun tsufa, gardamar ba ta tsufa ba.

Kailu ya sami Hamidu a rumfar nama ya ce, "Baba Hamidu, Sule ya ce ko cikin tele ba ka iya mishi." Ya sami Sule a kasuwar awaki ya ce, "Baba Sule, Hamidu ya ce in kun shiga injina ko numfashi ba ka yi." Ya sa mai shela ya zaga gari: ranar kasuwa, bayan azahar, gaban shagon Ladi, za a raba gardamar da ta gagari alƙalai.

Ranar kasuwa rumfa ta cika ta batse. Mutanen Sanam suka tsaya gefe guda, na Filinge gefe guda, masu tallan dambu da kopto suka kewaye, wani makaɗi ya zo da gangarsa ba a gayyace shi ba. Ladi tana ta miƙa lemu-hari, har ta fara yi wa ƙanenta kallon mutum. Kailu ya sa tabarau baƙi da wata riga mai aljihu da yawa. Ya yi jawabi mai tsawo a kan Yamai da ci gaba, ya nuna wa tsofaffin yadda ake yi.

"Baba Hamidu, kai a mai jan wando. Baba Sule, kai a mai kore. Sanda tafiya, buton duka. Ko jariri ya iya."

Ya miƙa hannu zai fara, kuran ya ɗauke.

Ba a daɗe ba ya dawo, ordinater ta sake tashi, ƙattan suka sake bayyana suna rangaji. Abin da Kailu bai sani ba, duk lokacin da ordinater ta farka sai ta sake ƙirga wayoyin da ke jikinta, wadda ta fara amsawa ita ce ta fari. Wannan karon sanduna sun zauna inda suke, amma madannai sun yi musaya. Na gaban Hamidu suka koma hannun mai kore, na gaban Sule suka koma hannun mai ja.

"Bismilla!" in ji Kailu.

Hamidu bai san jira ba. Ya danna sanda gaba, mai ja ya ruga har gaban mai kore, sai ya sauke tafinsa na mahauci a kan madannai, bam, bam, bam. Mai kore ya ɗauke mai ja da naushi, ya bi shi da hauri, ya ƙara masa gwiwa a ciki.

Sule kuwa ko fara taɓa komai bai yi ba. Yana nan yana laluben aljihu, ya ciro goro, ya ɓare, ya jefa a baki. Hannuwansa biyu a sarari kowa na gani, mutuminsa kuwa yana ta aiki.

Mutanen Sanam suka ɗauki ihu. "Dogo! Ko hannu bai sa ba! Asirin nan shina nan!"

Sule ya dubi tele, ya dubi hannuwansa, mamaki ya kama shi, amma ya yi maza ya haɗiye shi tare da goro. Ya harɗe hannu a ƙirji. "Ai na hwaɗa muku tun da daɗewa," ya ce. "Ni kallo kawai nika yi mai, shi hwaɗi."

Hamidu ya ƙara fusata, ya ƙara duka. Iyakar ƙarfin da ya sa, iyakar abin da mai jan wando ya sha. Can mai ja ya yi sama ya faɗo da baya, tele ta yi wani kiɗa, mai kore ya ɗaga hannu.

Hamidu ya juyo a hankali. Idanunsa sun yi ja kamar wandon mutuminsa. "Kailu. Zo nan. Mi Sule yab ba ka?"

"Wallahi Baba ko goro..."

"Ina bugu, nawa na tsaye kamar gunki, nashi na bugu shi yana cin goro. A garinmu? Gaban mutanen Sanam?"

Kailu ya gane abin da ya faru, amma faɗinsa yana nufin ya ce injinsa ya yi kuskure, wannan kuwa bakinsa bai iya ba. "Zagayen gwaji na, Baba. Haka aka yi a Yamai, na farko ba a ƙirga shi. Bari in ƙara mata mai."

Ya zaga baya, ya buɗe ƙofar armuwar ya shige, ya jawo ta don kada a ga abin da yake yi. Ciki duhu, ga zafi kamar tanda, ga tabarau baƙi da ya manta bai cire ba. Wayoyi huɗu ne, duk baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya. Ya lalubo biyu ya zare, ya musanya musu rami, ya ƙwala kira, "Ku ci gaba!"

Ashe na sanduna ya musanya. Yanzu sanda da madannan Hamidu duk sun haɗu sun zama abu guda, abin da Kailu ya sha wahala yana nema, sai dai a jikin mai kore suka haɗu. Na Sule kuma suka haɗu a jikin mai ja. Ba wanda ya sani. Idon Hamidu na kan mai jan wando.

Ya tura sanda, mai ja bai motsa ba, mai kore ya taho da gudu. Ya ja baya don ya tsere, mai kore ya ja baya kamar mai shirin tunkuyi. Ya sake turawa, ya rufe madannai da duka. Wannan karon mai kore har da tsalle, har da wata wuta da ya fitar daga tafin hannu. Sule ya jingina da ginshiƙin rumfa yana sakace haƙori, mai ja ya tsaya cak yana karɓa.

"Ƙara mishi, Dogo!" in ji mutanen Sanam.

"Ina ƙarawa," in ji Sule, ya lumshe ido.

Hamidu ya kama sandar da hannu biyu ya girgiza, wai ko mutuminsa zai farka. Ya fizga. Sandar ta taho da akwatinta da ƙusoshinta da rabin katakon. Ya tsaya riƙe da ita, tele ta sake yin kiɗan nan.

Sule ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Hamidu, aje muciyar mutane. Wancan karon ma haka kay yi, ƙasa tana kiranka kana gardama."

Bai rufe baki ba Hamidu ya yar da sanda ya cafki ƙugunsa. Makaɗi da ma abin da ya zo nema ke nan, ya saki ganga. Jama'a suka buɗe fili. Tsofaffi biyu suka sarƙe, gwiwoyi na ƙara, rawani ya warware, takalmi ya yi sama. Suka tafi hagu suka ture tiren dambu, suka dawo dama Ladi ta janye kular lemu-harinta da ƙyar. Daga cikin armuwar ana jin muryar Kailu, "Ya yi? Wa ka ci? Ibrah, ya yi?"

Sai suka taho gaba ɗaya suka daki armuwar. Ta yi tangal-tangal, ta juya, ta tafi da baya, ta faɗi rim a kan ƙofofinta. Madubi ya tarwatse. Tele ta zurma ciki, aka ji "Wayyo ƙafata!" Ganga ta tsaya. Ƙura ta lafa.

Can sai ga kai yana fitowa ta tagar da tele ta bari. Tabarau ya karkace, ido guda a waje, yanar gizo a gashi. Kafaɗu suka ƙi wucewa.

"Jama'a," in ji Ibrah, "ga Injiniya a tele."

Dariyar da aka yi har masu awaki sun jiyo ta. Hamidu da Sule suka saki juna suna haki, ɗaya ya zauna a kan armuwar ta dama, ɗaya ta hagu, kan Kailu a tsakiya kamar kabewa a faifai.

"Ba ka hita sai ka hwaɗi gaskiya," in ji Hamidu. "Wa yac ci?"

"Hwaɗa musu, ɗana," in ji Sule. "Kowa ya gani."

Kailu ya dubi dama, ya dubi hagu. Katako na danne masa ƙirji, tele na kan ƙafarsa. "Wayoyi sunka sarƙe," ya ce da ƙaramar murya. "Buton ɗin Baba Hamidu su ka tafiyar da mai kore. Duk dukan da anka yi, Baba Hamidu yay yi shi."

Hamidu ya sunkuyo. "Kana nufin ni nab bugi kaina?"

"Da ƙwarewa kuwa, Baba. Wutar nan da kaf fitar, ni kaina ban san tana ciki ba."

Hamidu ya juya maganar a ransa. Fuskarsa ta fara washewa. Ya miƙe ya hau kan armuwar da ƙafa biyu, Kailu ya yi ƙara, Hamidu ya buga ƙirji.

"Kun jiya? Mutanen Sanam, kun jiya? Duk ƙasar Kurfai babu mai kada Hamidu sai Hamidu!"

"Ƙarya ta!" Sule ya miƙe. "Wa ad da kore? Wa anka ɗaga ma hannu har sau biyu?"

Filinge ta ɗauki kirari, Sanam ta ɗauki nata. Makaɗi ya rasa wanda zai bi, ya bi duka biyun. Taron ya kwashi tsofaffin ya nufi cikin kasuwa, ana nuna juna da yatsa, gardamar da aka zo rabawa ta haihu. Ba wanda ya tuna da ɗaga armuwar.

Da wuri ya yi sarari, sai Kailu ya ga ƙafafu biyu da lalle a gabansa, da ƙullin kaya a gefe. Ya bi su da ido har sama. Basiratu ce, saukarta ke nan daga motar Bonkuku. Ta sunkuya ta ɗauki wani ɓallin madubi ta jujjuya shi.

"Maigida," ta ce a hankali, "ina kwanonina?"

"Suna bisa gado, lahiya lau. Sannu da hanya. Ya mai jego?"

Ta dubi Ladi. "Yaya, motar da tak kawo ni ba ta koma ba tukuna."

"Na gani," in ji Ladi. "Na aika a riƙe mishi wuri, hauyar Kawu na jira. Bisa kaya, inda iska."

Suka shige shago suka bar shi, wai sai sun sha ruwa tukuna za su nemo masu ɗagawa.

Ana haka sai ga wani tsoho makiyayi da malfa da sanda a kafaɗa, ya sayar da tunkiyarsa ya makara. Ya tsaya ya leƙa rumfa.

"Salamu alaikum. An ce nan anka kawo injin da ad da mutum ciki."

"Ga shi nan kwance, Baba," in ji Ibrah yana tattara kofuna.

Tsoho ya matso ya tsuguna. Ya dubi akwatin, ya dubi kan da ke tsakiya, kan ya ƙifta ido. Tsoho ya ja da baya, ya sake matsowa, ya sa yatsa ya dangwali goshin ya duba, sai ga gumi.

"Kai, Nasara sun kai! Har zuhwa shikai." Ya juya wajen Ibrah. "Ina aka dannawa shi yi naushin?"

Kailu ya hura ƙurar da ke leɓensa, ya gyara murya.

"Yau an ruhe, Baba. Ka dawo kasuwa mai zuwa. Amma ka zo da wuri, don ka ga yadda anka cika."